Shafukan da Na Rufe wa Kawu

Iya ce ta kira ni, wata Laraba da hantsi, ina ofishin makarantarmu a Gashua ina buga jadawalin jarrabawa. Iya matar kawuna ce, yayan mahaifiyata, kuma ba ta kiran mutum don hira. Muna gama gaisawa ta ce, "Kawunka fa ya daina taɓa wayarsa."

Na ce ko lalacewa ta yi.

"Lafiyarta ƙalau. Naɗe ta ya yi a tsohon rawani ya jefa a adaka, ya sa kwaɗo. Yau kwana tara ke nan. 'Yarsa ta kira daga Kano har ta gaji, sai ta tawa take samunsa. Na tambaye shi, ya ce in bar maganar. Kai ka san kan abin nan, ka zo ka gani."

Kawu ya yi aikin reluwe a Nguru tun yana saurayi har ya yi ritaya. Shi ne mai juya layi, wanda ke tsayawa can bakin tasha da tuta a hannu yana karkata dogo, jirgi ya bi inda ake so ya bi. Gidansa ma ba nisa da tashar, daga ƙofar zaure kana hango tsofaffin taragai da ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu. Yana karanta Turanci a hankali, da yatsa a kan layi, shi da kansa yake kiransa Turancin reluwe. Mutum ne mai tsare mutuncinsa ƙwarai. Ban taɓa ganinsa a waje babu hula ba, ban kuma taɓa jin ya ɗaga wa wani murya a kasuwa ba.

'Yarsa ce ta aiko masa da wayar, babba mai faɗin fuska, ni kuma aka ce in saita masa. Wayar ta zo da tata burauzar, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, amma ban ko buɗe ta ba. Na sauke masa wadda nake amfani da ita a lokacin, wata mara nauyi da ba ta cin data, wadda ko sabis ya yi ƙasa tana lallaɓawa ta buɗe shafi. Duk abokaina a Gashua da ita suke amfani. Na nuna masa inda zai rubuta abin da yake nema, na kama hanya.

Ban zaci zai damu da ita ba, sai ga shi ya kama ta hannu biyu. Ba ruwansa da bidiyo, ba ruwansa da hirar rukuni. Karatu yake yi. Labaran duniya, maganar ruwan koguna, sai kuma jiragen ƙasa, waɗanda su ne suka fi cinye masa lokaci. Yakan kira ni ina tsakiyar aiki ya ce, "Malam, ashe har yanzu akwai ƙasar da jirgi ke tafiya da kwal?" Malam yake ce mini don tsokana, saboda a makaranta nake aiki, alhali ya san ban taɓa riƙe alli ba. Shi ya sa da Iya ta ce ya kulle wayar a adaka, na san ba ƙaramin abu ba ne.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Nguru. Ƙarshen damina ne, ruwa ya cika hagu da dama, ciyawar kachala ta yi tsayi har tana rufe wasu gonakin shinkafa. Wajen mararrabar Dagona direba ya tsaya, masunta suka yo kan motar da kifi a daro, na saya wa Iya tarwaɗa.

Na tarar da Kawu a zaure, a kan tabarma, da tsohuwar rediyonsa a gefe.

"Wushe, wushe, mutanen Gashua," ya ce, da gaisuwar Barebari. Fara'ar tana nan, amma ba ta kai ido ba.

Sai da muka ci abinci, muka yi maganar mahaifiyata da ciwon ƙafarta, sannan na ce, "Kawu, ina wayar?"

Ya dubi ƙofar cikin gida. Ya ɗaga murya ya ce wa Iya ta ɗiba wa maƙwabta kifin nan ko kaɗan ne, ta kai musu da kanta. Da muka ji fitarta sai ya miƙe, ya ce in biyo shi ɗaki. Ya buɗe adaka, ya warware rawanin, ya miƙo mini wayar ba tare da ya kalle ta ba.

Na kunna, na buɗe data. Ko minti ɗaya ba a yi ba ta fara ƙara, ɗaya bayan ɗaya, sanarwa na zubowa daga saman fuskar wayar. Hotunan mata ba sutura. Tallan maganin ƙarfin maza. Wani saƙo wai an ci kyautar mota. Wani da jan rubutu wai wayar ta kamu da cuta, a taɓa nan da gaggawa. Sai kuma matan. Na ɗago kai, na ga Kawu ya juya fuskarsa ga bango.

"Shekarata saba'in da ɗoriya," ya ce, yana kallon bangon. "Ko ina saurayi ban nemi irin wannan ba."

Na ce na sani.

"Ba ka sani ba. Zauna."

Na zauna a bakin gado, ya ba ni labari. Akwai abokinsa, wani dattijo mai sayar da banda a kasuwa, wanda suka shekara talatin ko fiye suna zama tare a dakalin ƙofar masallaci bayan la'asar. Ranar nan Kawu ya ciro wayar don ya nuna masa wani hoto, ya miƙa masa. Abokin yana riƙe da ita, ya kawo ta kusa da idonsa, sai ɗaya daga cikin hotunan nan ya faɗo a kai. Abokin ya kalla. Ya miƙo wayar. Ya ce, "To, bari in leƙa gida." Ya sa takalmi ya tafi.

"Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi," in ji Kawu. "Bai ce komai ba. Tun ranar, ina sallame salla nake fita ta ƙofar baya."

Ashe abin ya fi wata guda yana faruwa. Da fari jefi-jefi, yana sharewa da yatsa yana istigfari, daga baya ya zama ko yaushe. Wayar na aljihunsa tana ƙara, shi kuma gabansa na faɗuwa. Ya daina ajiye ta a kan tabarma saboda Iya. Ya daina ba wa kowa ya duba masa lokaci.

Na ce, "Me ya sa ba ka kai wa masu gyara a bakin kasuwa ba?"

"'Ya'yan wa da wa? Akwai wanda ban san ubansa ba a cikinsu? Kafin magariba duk Nguru ta ji."

"To ni fa?"

Can ya ce, "Kai ɗan ƙanwata ne."

Sannan ya juyo ya dube ni sosai. "Tsakaninka da Allah, ni na jawo su? Akwai abin da na taɓa?"

Na yi masa bayani yadda zan iya. Na ce wasu shafukan, in ka shiga, sukan fito da ɗan akwati suna tambaya ko ka yarda su riƙa aiko maka da sanarwa. In ka taɓa wajen yarda, shi ke nan, ka ba su hanya, kuma ba abin da ka karanta za su aiko ba, duk wanda ya biya su talla shi za su turo maka. Na ce wannan bai nuna ka nemi komai ba, kuma babu wani mutum can da ya san ka ya zaɓe ka. Kowa suke yi wa.

"Akwai akwatin," ya ce. "Yana fitowa. Na ɗauka izini suke nema kafin su nuna mini hotunan jirgin. Kullum yarda nake taɓawa. Na ga kamar rashin ladabi ne mutum ya shiga wurin mutane ya ce bai yarda ba."

Na shiga saitin burauzar, na nemo jerin shafukan da aka ba izinin sanarwa. Sun fi ashirin, yawancinsu sunaye marasa ma'ana, haruffa da lambobi a haɗe. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na cire, na kuma kashe tambayar gaba ɗaya don kada wani shafi ya sake yi masa ita. Wayar ta yi tsit. Muka zauna muna kallonta kamar minti biyar. Ba ta ce komai ba. Na ji Kawu ya sauke numfashi.

Da a nan na tsaya da na yi aikin kirki.

Amma raina a ɓace yake, kuma har da kaina nake jin haushi, tunda ni na sa masa burauzar na tafi ban gaya masa komai ba. Na ga ɗan akwatin da ke ƙirga shafukan da ke buɗe yana nuna tamanin da huɗu. Na ce a raina, shi ya sa wayar ke nauyi, tsoho bai san yadda ake rufewa ba. Na taɓa wajen rufe duka. Na shiga tarihin wuraren da aka ziyarta na goge. Sannan na danne jar alamar burauzar na cire ta daga wayar ɗungurungum. Duk wannan bai ɗauke ni minti biyu ba, ban kuma tambaye shi ko ɗaya ba.

Na miƙa masa, ina jin daɗin kaina. "Ga ta nan, Kawu, tas."

Ya karɓa da hannu biyu, ya sa tabarau. Ya shafa hagu, ya shafa dama. "Ina 'yar jar nan?"

Na ce na cire ta, zan sa masa wadda ta fi ta.

"To hoton fa?"

"Wane hoto?"

"Wanda na nuna wa abokina. Yana ciki, a shafi na goma sha ɗaya in ka ƙirgo daga sama. Ban taɓa rufe shi ba."

Ashe ya san yadda ake rufewa. Barinsu yake yi da gangan, don bai san wata hanyar ajiye shafi ba. Kowane ɗaya a cikin tamanin da huɗun nan abu ne da yake so ya koma wa.

Na tambaye shi sunan shafin, bai sani ba. Na tambaye shi abin da ya rubuta ya same shi, ya ce ba rubutawa ya yi ba, daga wani shafi ya faɗa wani, daga can ya faɗa wani, wata rana da zafin rana, wata takwas da suka wuce. Hoton baƙi da fari ne. Kan jirgi mai hayaƙi a tsaye a tasha, mutum biyar a gabansa. Na biyu daga hagu ya karkata hula, ya naɗe tuta a hammata.

"Maigidana ne," ya ce. "Shi ya koya mini aiki."

Na san labarin mutumin tun ina ƙarami. Kawu ya zo Nguru daga wani ƙauye wajen Kumagannam bayan rasuwar mahaifinsu, bai san kowa ba, yana ɗaukar buhunan gyaɗa a tasha. Mutumin nan ya lura da shi, ya ja shi jiki, ya koya masa baƙaƙen boko a bayan tsofaffin takardun kaya, ya tsaya masa har aka ɗauke shi aiki. Ya rasu tun kafin a haife ni, kuma bai bar hoto ko ɗaya ba.

Na sake sauke burauzar da sauri, ko Allah zai sa ta tuna. Ta buɗe fayau, babu komai. Na duba ma'ajiyar hotunan wayar, babu, don bai taɓa sauke shi ba. Na rubuta sunan garin Nguru da kalmar jirgi, da tasha, da reluwe, da duk abin da ya zo mini. Hotuna suka fito, ba shi a ciki.

"Ba komai," in ji Kawu. Ya cire tabarau ya naɗe. "Ba komai, Malam. Gyara ka zo yi." Da muka ji motsin Iya ta dawo, ya sake cewa, "Ba komai," ya fita ya yi alwala.

Iya ta tare ni a tsakar gida tana tambaya da ido. Na ce mata talla ce ta dame shi, an gyara. Ta ce, "Talla?" Ta kalle ni yadda take kallon mai kifi in ya ce na yau ne. Amma ba ta ƙara tambaya ba.

Washegari da safe, bayan mun sha kunu, muka zauna a zaure zaɓen burauza. Wannan karon na ce ba zan zaɓa masa ba. Na jera masa guda uku. Akwai tsohuwar tasa mara nauyi. Akwai wadda ta zo da wayar. Sai wata ta uku da na ji ana yabo, wadda ke tare talla da kanta.

Ya ɗauki abin da gaske, kamar an ba shi aikin duba layi. Ya ce a buɗe shafi ɗaya a duka ukun ya gani. Muka buɗe shafin labarai da ya saba karantawa.

Mara nauyin ce ta riga buɗewa, kamar kullum. Amma kafin ka kai wajen rubutu sai ka wuce ta fuskarta ta farko, wadda ta cika da gulmar 'yan wasa da tallan caca da hotunan da ba ka nema ba. Ni na saba, idona ba ya ma ganinsu. Kawu ya ce, "Wannan surutu gare ta. Da ma can ina haƙuri ne." Na nuna masa ana iya rage su, amma ya riga ya tsorata da ita, ya ce a wuce.

Ta ukun ta burge ni. Shafin ya fito fes, babu talla ko ɗaya, kamar an share tsakar gida. Na ce, "Kawu, wannan ce taka." Ya ce in buɗe masa wajen sauraron rediyo, don wani lokaci in batir ɗin rediyonsa ya mutu a nan yake jin labaran rana. Na buɗe. Abin ya yi ta juyawa, ya ƙi magana. Na shiga saiti na sassauta tsaron, ya yi magana, amma da muka fita muka dawo ya sake ƙi. Na ce zan gano kansa.

"Kai za ka gano," ya ce. "Kana Gashua."

Wadda ta zo da wayar ita ce ta fi jinkiri. Sabis ɗin unguwarsu ba shi da ƙarfi, sai da muka jira, bayan wayar ma ya ɗan yi ɗumi. Na gaya masa gaskiya cewa za ta fi shan data. Amma da na shiga saiti na ƙara girman rubutu, sai ya cire tabarau, ya sake sawa, ya karanta layi uku bai sa yatsa ba. Na kashe labaran da take jerawa a fuskar farko, ya zamana babu komai sai wajen rubutu. Rediyo ta yi magana. Na kuma lura 'yarsa ta riga ta shigar da adireshinsa na imel a ciki, wanda ke nufin duk shafin da ya yi wa alama zai zauna, ko da wayar ta faɗa ruwa.

Muka ɗan ja. Na ce mai tare tallar ta fi tsaro, kuma abin da ya same shi ba zai sake samunsa a cikinta ba. Ya ce ai na ce na toshe ƙofar. Na ce na toshe, amma talla a cikin shafi za ta ci gaba da fitowa. Ya ce wadda ke cikin shafi in ya rufe ta tafi, ba ta biyo shi masallaci. Ya ce, "Jinkirin bai dame ni ba. Ina zan je?"

Ita ya zaɓa. Na cire sauran biyun, bayan na tambaye shi. Na nuna masa ɗan tauraron da ake taɓawa a ajiye shafi, da inda zai same su daga baya. Ya sa na rubuta masa matakan a takarda da manyan baƙaƙe, ya gwada sau huɗu a gabana, sannan ya linke takardar ya sa a bayan murfin wayar. Maganar hoton bai sake tayarwa ba. Da zan tafi ya raka ni har bakin titi, ya tsayar mini da keke mai ƙafa uku, ya ce in gaida mahaifiyata.

A Gashua abin ya hana ni sakat. Duk lokacin da aiki ya lafa sai in buɗe kwamfutar ofis in shiga nema. Na samu hotunan jiragen hayaƙi ba adadi. Duk wanda na ga mutane a tsaye a gabansa sai in tura wa Kawu, shi kuma ya kira ya ce, "Ba shi ba ne, amma wannan ma ya yi kyau." Wani lokaci ya ƙara da bayanin irin kan jirgin, da yawan taragan da yake iya ja.

Malamar da ke koyar da tarihi a makarantarmu ta shigo wata rana karɓar takardu, ta gan ni a kai. Na ba ta labari, ban da maganar tallan. Ta ce in daina nema da sunan gari. Ta ce masu ɗora irin waɗannan hotuna galibi jikokin Turawan da suka yi aikin ne, daga akwatin kakanninsu suke cirowa, kuma abin da aka rubuta a bayan hoton shi suke kwafewa. In nemi sunan aikin, da irin kan jirgin, in kuma duba ɓangaren hotuna kawai. Na kira Kawu ya faɗa mini yadda ake kiran mai juya layi da Turancinsu na reluwe, da lambar da yake tunawa a jikin kan jirgin.

A mako na uku na same shi. Tun kafin ya gama buɗewa na gane: mutum biyar, na biyu daga hagu da hula a karkace, tuta a hammata. Na tashi tsaye a ofis ni kaɗai.

Sai na karanta rubutun da ke ƙasa. Ba Nguru ba ce. Wata tasha ce can kudu, nesa ƙwarai, inda ban taɓa jin an ce maigidan Kawu ya yi aiki ba. Babu sunan kowa, an dai ce ma'aikatan tasha.

Na kwana biyu ina juya abin. Na kai wa mai wankin hoto a cikin gari ya fitar mini da shi babba. Ya tambaye ni ko a yanke rubutun ƙasan. Na ce a yanke. Har ya ɗora a kan abin yanka, na ce a'a, a bar shi. Na riga na yanke wa Kawu hukunci sau ɗaya ban tambaye shi ba.

Na kai masa ranar Asabar. Ya zare shi daga ambulan, ya riƙe nesa, ya kawo kusa. Iya ta leƙo ta kafaɗarsa ta ce, "Wannan ne mutumin?" Ya ce, "Shi ne."

Da ta koma ciki na ce, "Kawu, akwai rubutu a ƙasa."

"Na karanta tun ranar da na fara ganinsa," ya ce. "Turancin nawa ya kai nan."

"To..."

"To me? Wataƙila an taɓa tura shi can kafin in san shi, ana yin haka. Wataƙila kuma wani ne daban. Amma haka yake tsayuwa. Haka yake riƙe tuta, ka ga, ba a hannu ba, a hammata, don hannu na aiki ne. Ni ya ishe ni."

Na buɗe masa shafin a wayarsa. Shi da kansa ya ciro takardar nan daga bayan murfi, ya bi matakan, ya taɓa tauraron.

Muna nan zaune bayan azahar aka yi sallama. Wani dattijo ne dogo, rigarsa na ƙanshin hayaƙin banda. Na ga Kawu ya gyara zama, ya gyara hula. Abokin nan nasa ne. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, irin ta mutanen da kowa ke jiran ɗan'uwansa ya fara. An tambayi gida, an tambayi kasuwa, an tambayi ruwa. Sannan dattijon ya juyo gare ni.

"Kai ne na Gashua? Mai ɗakina ta ji a wajen mai ɗakinsa wai kai ka gyara masa waya."

Na ce ni ne.

Ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro wani abu a ƙulle cikin baƙar leda. Ya kwance, sai ga waya, ya ajiye ta a gabana a kife. "Ka duba mini. Amma ka buɗe ta can gefe."

Na buɗe. Irin hotunan nan ne, har sun fi na Kawu yawa.

Kawu ya leƙo, ya kauda kai, ya dubi abokinsa. "Tun yaushe?"

"Tun kafin azumi."

"To da ka ga tawa me ya sa ka tashi ka tafi?"

Dattijon ya sunkuyar da kai. "Na ɗauka tawa ce ta shafa wa taka. Kullum a dakali ɗaya muke ajiye su. Na ce na jawo wa bawan Allah bala'i, da wane ido zan dube shi?"

Kawu ya fara dariya. Ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, Iya ta aiko da ruwa tana tambaya ko lafiya. Abokin ma ya kama, yana share ido da bakin riga. Ni dai na sunkuya ina cire izinin ɗaya bayan ɗaya. Da na gama na nuna masa yawan shafukan da ke buɗe, na ce akwai wanda yake so a ciki? Ya ce shi bai ma san akwai su ba, in rufe. Shi ma burauza mara nauyin nan ce a wayarsa, ya ce a bar masa ita, don a rumfarsa ta kasuwa sabis sai an ɗaga hannu sama. Na kashe masa abin da za a iya kashewa. Da aka kira la'asar suka fita tare, Kawu da ambulan ɗin a hannu.

Yanzu ba ya taɓa wani akwati sai ya kira ni. Ko ina cikin taro sai in ga kiransa, in fita baranda, ya karanto mini Turancin kalma-kalma, ni kuma in ce masa ya taɓa na hagu ko na dama. Kwanan baya ya kira da hantsi.

"Malam, wani shafi ne ya tare ni. Wai in karɓi kukis."

Na ce ya duba ko akwai wajen ƙi, ya taɓa shi.

"Akwai. Amma tsaya. Kukis ɗin nan ba biskit ba ne? Irin wanda matar babban injiniya ke ba mu ranar Kirsimeti?"

Na ce sunan ne ɗaya, amma wannan wata 'yar alama ce da shafin ke ajiyewa a wayarka don ya gane ka in ka dawo.

Ina jin kukan akuyar Iya ta cikin wayar.

"To ai ni ina so ya gane ni," ya ce. "Shafin jirgin ne. Kullum ina zuwa."

Na ce to ya karɓa, wannan ba ya aiko da komai.

"Ka tabbata?"

Na ce na tabbata.

"To na taɓa. Koma bakin aikinka."